Yadda Ake Shirin Fita ta Farko da Sabuwar Tirelar Tafi-da-Gidanka a Amurka

Idan Bahaushe ya ji an ce tirela, abin da ke faɗo masa a rai ita ce zungureriyar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu. Wadda nake nufi daban ce. Ɗaki ne a kan tayoyi, da gado da kicin da banɗaki a cikinsa, ba shi da inji, motarka ce ke jan sa. Amurkawa kan fita da ita ƙarshen mako ko lokacin hutun bazara, su kwana a sansanonin shaƙatawa na gwamnati ko na 'yan kasuwa. Akasarinsu a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa, kuma da sauri ake harhaɗa su. Shi ya sa sabuwa fil ma ba ta rasa noti da bai ɗauru ba ko famfon da ke ɗiga.

Saboda haka ka ɗauki fitarka ta farko a matsayin gwaji. Hutu na gaba ne. Wanda ya ɗauko tirela daga wurin dila ranar Alhamis, ya ɗora iyali ya nufi gandun dajin shaƙatawa na Yellowstone ranar Asabar, ya nemi wahala da kuɗinsa.

Fara da lissafin nauyi, tun kafin ka sa cokali a ciki

Nan ne yawancin sababbin shiga ke faɗawa rami. Dila zai ce maka motarka tana jan laba 9,000, tirelar kuwa laba 5,000 ce kacal, ka samu rara. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Laba 5,000 ɗin nauyinta ne wayam, ba ruwa, ba kaya. Lambar da za ka yi aiki da ita tana kan wata takarda da aka manna a gaba ta ɓangaren hagu na tirelar, inda aka rubuta GVWR: iyakar nauyin da aka yarda ta kai da komai da komai. Ga wanda ya saba da kilo, laba 2.2 ita ce kilo 1.

Lamba ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, za ka ga takarda mai ruwan ɗorawa da fari wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. Wuyan tirela, wato ƙarfen nan mai kama da harafin A da ke gabanta, yana danne bayan motar da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar, kuma wannan dannewa tana cin kason da ke kan takardar.

A ce takardar motarka ta rubuta laba 1,500, tirelarka kuma ta kai 6,000 da kaya. Wuyanta zai ɗora wa motar wajen 720. Ƙarfen haɗi mai rarraba nauyi, wato mai sandunan da ke rage wa bayan motar nauyin wuyan, ya ci kusan 90. Kai da uwargida da yara uku, a ce 550. Sauran 140 ke nan, kuma ba a sa kular abinci ba, ba a sa kekunan yara ba. Motar da aka ce tana jan 9,000 ga ta ta cika maƙil da tirela mai 6,000.

Mu kuma mun san halinmu da guzuri. Buhun shinkafa mai laba 50, galan ɗin mai, tukwane kamar za a yi biki, duk don kwana biyu. Ruwa ma nauyi ne: galan 1 laba 8.3 ne, tanki mai galan 40 idan ya cika ya haura laba 330. In sansanin da za ka yana da famfo, ka tafi da ɗan abin da zai isa alwala da banɗaki a hanya, ka cika a can.

Wajen jera kaya, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ya zauna gaban tayoyin tirelar, masu nauyi a ƙasa. Tirelar da bayanta ya fi gabanta nauyi ita ce ke kaɗa gindi a kan babbar hanya, kuma ba a so ka koyi wannan darasi kana gudun mil 60.

Bayan ka gama lodi, kada ka tsaya ga ƙiyasi. Manyan gidajen man da direbobin manyan motoci ke tsayawa, irin su Pilot da Flying J da Love's, galibi suna da sikelin auna mota da ake kira CAT, kuɗinsa kaɗan ne. Faranti uku gare shi: tayoyin gaban mota a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Auna sau ɗaya da tirela a haɗe, sandunan rarraba nauyi ba a ɗaure ba, sannan ka cire ta ka auna motar ita kaɗai. Bambancin nauyin motar a awon biyu shi ne nauyin wuyan.

Haɗa ta da mota

Ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota da bakin tirelar da ke hawa kansa dole girmansu ya zo ɗaya. Na irin waɗannan tireloli inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, kuma an buga lambar a jikin kowanne. Baki mai inci 2 da 5/16 zai zauna a kan ƙwallo mai inci 2 kamar lafiya lau, sai an faɗa rami ya tsinke.

Tsarin da nake bi ke nan, kuma ba na barin kowa ya yi mini magana sai na kai ƙarshe. Ɗaga wuyan da jak ɗinsa har ya fi ƙwallon tsayi. Yi ribas har ƙwallon ya zo daidai ƙasan bakin. Sauke, ka kulle maƙullin, ka zura fil ɗinsa. Sai ka sake ɗaga jak ɗin kaɗan: in bayan motar ya biyo shi sama, ya kama. Nan ne kuma ya fi sauƙin ɗaura sandunan rarraba nauyi. Sarƙoƙi biyun a gitta su ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta tafi dama, ta dama ta tafi hagu, don in ya zame ya faɗa cikinsu maimakon ya caki kwalta. Akwai wata siririyar waya da ke taka birkin tirela in ta rabu da mota. Jikin motar ake maƙala ta, ba jikin sarƙa ba. Sannan filogi mai baki 7, wanda ke kai wuta ga fitilu da birki. Naɗe jak har ƙarshe, cire weji, sa wani ya tsaya baya ya duba maka fitilar birki da sigina.

Birkin tirela na lantarki ne, wata 'yar na'ura a kusa da sitiyari ke sarrafa shi. Wasu a-kori-kura suna zuwa da ita daga kamfani, wasu sai an sa. Nemi titin da ba kowa, ka kai gudun mil 25, ka matsa maɓallin hannu na na'urar ba tare da ka taɓa birkin ƙafa ba. In tayoyin tirelar suka kafe suna ja, rage ƙarfin. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ƙara. Ana neman ƙasa kaɗan da inda suke kafewa.

Tayoyi kuwa, auna iskarsu da safe kafin su ɗau zafi, ka bi lambar da ke kan takardar tirelar. Notunan sabuwar taya suna saki a tafiyar farko, don haka ka sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka sake ɗaure su bayan mil 10, da 25, da 50, bisa adadin da littafin tirelar ya faɗa. Duba ko sifanar motarka tana shiga notin tirelar. Sau da yawa ba ta shiga, kuma tireloli da dama ba sa zuwa da jak ɗin canza taya.

Kwanan farko a ƙofar gida

Mako guda kafin tafiya, ku kwana a cikinta inda take ajiye. Yara za su ɗauka wasa ne, kai kuwa aiki kake. Ajiye littafi da biro, duk abin da wani ya koma cikin gida ya ɗauko a rubuta shi, shi ne jerin kayan da kuka manta.

Fara da ruwa. Idan an ajiye tirelar lokacin sanyi, za ka tarar da wani ruwa mai launin hoda a bututunta, maganin daskarewa ne, sai an wanke. Zuba rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15 na tankin ruwan sha, amma ka sirka shi da ruwa a bokiti tukuna. Cika tankin, kunna famfon lantarki, buɗe kowane kan famfo har ka ji warin bilic, ka bar shi aƙalla awa 4, sannan ka zubar ka ɗauraye har warin ya tafi. Kana gamawa ka rufe komai ka kasa kunne. Idan injin famfon yana tashi shi kaɗai jefi-jefi alhali ba wanda ya buɗe ruwa, akwai inda ke yoyo. Ni a tawa ƙarƙashin wurin wanke kwanuka na same shi, wani mahaɗin roba da ba a murɗa ba, har katakon ya fara jiƙa. Da hannu na ɗaure shi.

Tukunyar ruwan zafi, wadda galibi galan 6 ce, tana da bawul a bayanta da ke hana ruwa shiga lokacin ajiyar sanyi. Buɗe shi, ka tabbata ruwa na fitowa sosai ta ɓangaren zafi, sannan ka kunna. In ka kunna ta da lantarki babu ruwa a ciki, ƙarfen dumamawar zai ƙone nan take.

Sai gas. Buɗe tukunyar a hankali, shafa ruwan sabulu a mahaɗan, in ka ga kumfa na tashi rufe. Kunna murhu ya kori iskar da ke cikin bututu. Hitar ɗaki kuma ka fara kunna ta da rana, tagogi a buɗe, domin sabuwa tana fitar da wari da ɗan hayaƙi har ƙararrawa ta yi kuka. Gara a yi wannan yanzu da a yi shi ƙarfe 2 na dare. Danna maɓallin gwaji na ƙararrawar hayaƙi, da ta gas, da ta gubar hayaƙin nan marar wari. Duk wanda ya taso a Najeriya ya ji labarin iyalin da suka kwanta da janareta a kusa ba su tashi ba. Tirela ɗaki ne ƙarami mai rufuwa ruf, don haka ba gawayi a ciki, ba a ɗumama ɗaki da murhu, janareta kuma ya yi nisa da taga.

Firji iri biyu ne. Mai aiki da gas da lantarki yana son a kunna shi tun daren jajibiri, kuma sai tirelar tana daidai, ba a karkace ba, in ba haka ba yana lalacewa a hankali. Sababbi da yawa yanzu batir suke amfani da shi, suna saurin sanyi amma suna shan batir.

Koyon ribas

Je filin ajiye motoci na wata makaranta ranar Lahadi, da bokitai huɗu a matsayin alama. Riƙe sitiyari ta ƙasa. Inda hannunka ya nufa, nan gindin tirelar zai nufa. Murza kaɗan kaɗan, tafi kamar hawainiya, in ta fara lanƙwashewa da yawa ka ja gaba ka miƙe, ba abin kunya ba ne. In za ka iya zaɓa, shiga ta ɓangaren direba, inda kake ganin gefen tirelar da idonka.

Mai duba maka ta tsaya inda kake hango ta a madubi, in ta ɓace ka tsaya cak. Ku yi magana ta waya, kuma ku bar "hagu" da "dama", don hagunta ba hagunka ba ne. Mu "ɓangarena" da "ɓangarenki" muke cewa. Ranar farko sai da maman yara ta ce, "Malam, in ka ƙara ɗaga mini murya, sai dai ka kira maƙwabci ya duba maka." Tun daga ranar nake sauka in je in gani da kaina duk lokacin da na yi shakka.

A wannan filin ka gwada kwana ma. Tayoyin tirela suna yanke kwana fiye da na mota, sai ka buɗe sosai kafin ka karya.

Zaɓen wuri da hanya

Kada ya wuce tafiyar awa guda ko biyu daga gida, kwana biyu, kusa da gari mai kantin kayan gini. Sansanonin gwamnatin tarayya ta shafin intanet na Recreation.gov ake kama gurbi, da yawansu tun wata 6 kafin ranar, kuma ba kasafai suke da wuta da ruwa a gurbin ba. Don fitar farko na fi son na 'yan kasuwa irin KOA ko na gwamnatin jiha da ke da wuta da ruwa da magudanar ƙazanta a wuri guda, ka gwada komai. Nemi gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba.

Auna tsayin tirelar da kanka, daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta ka manna kusa da sitiyari. Taswirar waya ba ta san kana jan komai ba. A jihar New York, hanyoyin da sunansu ya ƙare da Parkway an hana tirela hawansu, gadojinsu gajeru ne. A Baltimore, hanyoyin ƙarƙashin ruwa biyun nan, Fort McHenry da Harbor, ba a shiga da tukunyar gas da ta wuce laba 10, taka kuwa 20 ce ko 30. Da can gadar Key ake bi, amma tun da jirgin ruwa ya rushe ta a watan Maris na 2024 sai dai a zagaya ta yammacin babbar hanyar I-695. A Kalifoniya duk mai jan tirela gudun mil 55 ne iyakarsa.

Ko inda doka ta yarda da fiye da haka, mil 60 zuwa 65 ya isa. Bar tazara ninkin wadda ka saba. A gangara ka sauko da giya, kada ka kwanta a kan birki. Idan babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo, tirelar ta fara lilo, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa maɓallin birkin tirela da hannu. Taka birkin mota da ƙarfi ko ƙoƙarin gyara ta da sitiyari ƙara mata lilo yake. In za ka sha mai, kashe duk abin da ke ci da gas tukuna.

Da ka isa

Ka isa da sauran rana. Kafin ka cire ta daga mota, sauka ka duba reshen bishiya, da inda akwatin wuta yake, da ko ɓangaren ɗakin da ke zamowa waje zai sami fili. Ɗora lebur irin na magina a ƙasan ɗakin. Karkatar gefe da gefe ake fara gyarawa, ta hanyar hawa da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa kan katako ko tubalan roba. Sai weji a tayoyin ɓangarorin biyu. Duk yaron mota ya san weji ke gaba da komai, kuma nan ma haka ne: ba a ɗaga wuya daga ƙwallo sai an sa shi. Bayan ka cire, gyara gaba da baya da jak ɗin wuya. Ƙafafun nan huɗu na kusurwa a ƙarshe ake sauke su, aikinsu hana girgiza ne, in ka ɗaga tirela da su za su lanƙwashe.

Wuta: kashe makunnin akwatin, sa na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, kunna ka ga ta nuna lafiya, kashe, jona wayarka, sannan ka kunna. Yawancin ƙananan tireloli amfiya 30 ne, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki tana cin kusan rabi, butar shayi ta lantarki wat 1,500. Ƙara ruwan zafi a kai, wuta ta ɗauke. Mu masu shayi gara mu dafa a murhu.

Ruwa: tiyo na musamman na ruwan sha, galibi fari, da ɗan ƙarfen rage ƙarfin ruwa a bakin famfon, wanda ke tsayar da shi wajen 40 zuwa 50 a ma'aunin PSI na ƙarfin ruwa. Rumfar gefe kuwa a naɗe ta duk lokacin da za ku bar wurin ko za ku kwanta, iska ɗaya ke karya ta. Kada ka zo da itacen hura wuta daga nesa, jihohi da dama sun hana saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, a nan ake saya. Daga ƙarfe 10 na dare yawancin sansanoni shiru ake so, a ja wa yara kunne. Alƙibla daga yawancin Amurka arewa maso gabas take, ka duba tun kana da sabis.

Tankin masai

Tankunan ƙazanta biyu ne: na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Kafin a fara shiga banɗaki, zuba galan 3 ko 4 na ruwa a na masai tare da maganinsa. Nan al'adarmu ta buta ta yi rana, domin abin da tankin ke so shi ne ruwa da yawa, takarda kaɗan.

Ko da gurbinka yana da magudana, bawul ɗin masai a rufe yake zama. In ka bar shi a buɗe, ruwan zai tsiyaye, sauran ya taru ya daskare, kuma fitar da shi ba aikin da za ka so ba ne. Bari ya kai kashi biyu cikin uku. Sa safar hannu, tabbatar bawul biyun a rufe suke kafin ka cire murfin, jona tiyon a magudana sannan a tirela, ja na masai ya gama, rufe, sannan ka ja na ruwan wanka ya ɗauraye tiyon. Tiyon ɗauraya daban, kada ya taɓa haɗuwa da na sha ko a wurin ajiya.

Ranar tashi, bi komai a juye. Zagaya tirelar sau biyu, sau ɗaya kana kallon sama: rumfa, tagogin rufi, eriya, sau ɗaya kana kallon ƙasa: ƙafafu, matakala, waya, tiyo, weji. A ciki a kulle firji da ƙofofin kabad, a kashe injin famfo. Ja gaba kaɗan, sauka ka kalli inda ta tashi, nan ake barin katako da ƙarfen rage ruwa.

Littafin nan da ka fara rubutu a ƙofar gida, yanzu ya cika da ƙofar da ba ta rufuwa da fitilar da ba ta kamawa. Ɗauki hoton kowanne, ka kira dila ranar Litinin ka kama layi, domin garantin yawancin kamfanoni shekara 1 ne, kuma lokacin bazara layin gyara yakan kai makonni.